Kiɗan da Na Gani Ban Ji Ba

Ku samarin da kuke zama bisa bencin ƙofar shagona a nan Batsari, kuna cajin waya kyauta kuna ba ni shawara kyauta, na ji abin da ɗayanku ya faɗa rannan. Wai aikin sauti ba sana'a ba ce, jona waya ne kawai a danna. Ban tanka ba. Na koyar a firamare kafin in koma wannan aiki gaba ɗaya, kuma aji ya koya mini cewa amsar da aka ba yaro yana tsaye ba ta zama a kansa. Shi ya sa na rubuta. Wanda ya iya karatu a cikinku ya karanta wa sauran.

Akwai aiki guda da nake yi kowace shekara tun gemun Malam Lawal yana baƙi, wato walimar saukar Alƙur'ani ta Islamiyyarsa a Safana. Ni nake kai lasifika, ni nake haɗawa, ni nake zama a gefe ina tsaron miksa, na'urar daidaita sauti, har a shafa fatiha. Bara, ana saura 'yan makonni walima, sai ga babban ɗan Malam ya zo shagon nan a kan babur. Ya gaishe ni doguwar gaisuwa, har ya tambayi gajiyar da ban yi ba, na san da magana.

Ya ce, "Baba Sada, iyayen yara ne suka yi zama. Sun ce sautinka yana huda kunne. Mata na toshe kunne da mayafi, jarirai na kuka tun daga buɗe taro. Sun so a kira wani daga Dutsin-Ma."

Na ce, "Malam fa?"

Ya ce, "Malam ya ƙi. Ya ce shi bai taɓa jin karatun yara ya fito tas ba kamar a lasifikarka. To an daidaita a kan a ba ka bana. In an sake kuka, sai haƙuri."

Na yi masa godiya, na ce kaya ne suka tsufa, za a duba. Haka na ɗauka har zuciyata.

Bari in koma baya ku san inda na koyi aikin. Maigidana shi ne marigayi Alhaji Mani, mutum gajere mai faɗa, wanda ya fara kawo amsa-kuwwa garin nan don haya. Kayansa a lokacin batirin mota ne, da ampilifaya mai zafi kamar murhu, da lasifikan ƙarfe masu faɗin baki da ake ɗaurewa a reshen dogonyaro. Ina tashi daga makaranta in tuɓe rigar koyarwa in bi shi. Na daɗe ban taɓa komai ba sai naɗe waya. Yakan ce wanda bai iya naɗe waya ba, zai haɗa taro ya kunyata iyalinsa. In ka naɗe ta a gwiwar hannu kamar igiyar guga, zaren ciki ya karye, kuma ba zai nuna maka ba sai liman ya kai tsakiyar huɗubar aure.

Alhaji Mani ba ya gwada makirufo da halo-halo. Sallama yake yi. Ya ce sauti kashi uku ne, akwai mai kauri, akwai na tsakiya, akwai siriri, kuma sallama ta tara su duka. In ka ji ƙarshenta ya cika ƙirji, kauri ya zauna. In ka ji farkonta ya fito da tsini kamar an zare allura, siriri ya zauna. Yakan tsaya a ƙasa yana ta sallama ga filin da ba kowa, ni kuma ina bisa bishiya, kunnena manne da bakin lasifika, ina nemo masa inda take karkarwa. "Sa kunnenka sosai, Malamin makaranta, ba allo ba ne." Haka na yi shekaru, kuma haka na ci gaba da yi bayan na samu nawa kayan. Babu wanda ya taɓa ce mana a yi hattara, domin babu wanda ya sani.

Masu hayar kaya kuwa iri-iri ne, kuma kowanne da irin wahalarsa. Na yi wani taron siyasa a filin kasuwa inda kowane mai jawabi ya hau sai ya juyo ya yi mini alama in ƙara, don kada a ce wanda ya riga shi ya fi shi murya. Kafin ɗan takara ya iso babu sauran abin ƙarawa, sai na riƙa murɗa wani maɓalli da ba a jona shi da komai ba, yana gyaɗa kai yana jin daɗi. Akwai mai wa'azin da ke cusa makirufo a baki kamar zai sha fura da shi. Akwai maroƙin da ke zuwa gaban lasifika ya tsaya, kaya su yi kuka, jama'a su juyo su harare ni. Akwai uwar amarya a Wagini da ta sa na sauke kaya daga kan kura na sake ɗorawa, wai lasifikar bikin kishiyar ƙanwarta ta fi tawa tsawo. Duk wannan yana cikin abin da kuke kira danna waya. Kuma a duk wuraren nan mazaunina ɗaya ne, tsakanin janareta da babbar lasifika, tun hantsi har a watse.

Sai shekarar da abubuwa suka lalace. Kun san ta, ba sai na faɗi suna ba. Aka rufe kasuwanni, aka ɗauke layin waya, man da za ka zuba wa janareta ma ya zama abin tuhuma in an gan ka da jarka. Ƙauyuka suka daina kiran mai lasifika. Wani dattijo daga wajen Runka ya faɗa mini dalili a fili, ya ce kiɗa yana tafiya nesa, yana gaya wa mutanen daji cewa yau akwai taro a gari kaza, akwai baƙi, akwai kayan ɗaki. Aure ya koma fatiha da goro a zaure, kowa ya kama gabansa kafin azahar. Kayana suka zauna a ɗaki har ɓeraye suka cinye takardar manyan lasifika biyu. A shekarar nan aiki ɗaya tak aka kira ni, walimar Malam Lawal. Ya aiko ya ce in zo da ƙaramar lasifika guda, a yi da hantsi, yaran da suka sauke ba za a hana su a ji muryarsu ba. Don haka in na ce muku walimar nan tana da muhimmanci a wurina, kada ku ɗauka maganar abin da ake ba ni ce.

To bayan tafiyar ɗan Malam sai na shiga farautar laifi. Na kwance kayan duka na baje a tsakar shago. Na canja wayoyi, na sake narka dalma a kowace mahaɗa, na busa ƙura, na wanke maɓallai. Na yi sallama irin ta Alhaji Mani, na ji siririn sauti ya yi ƙasa kamar kullum, na ƙara masa kamar kullum har ya fito. Ban ga laifi ba. Na yanke shawara ƙananan lasifikan da ke fitar da siririn ne suka gaji, na ɗaure su a buhu na nufi Katsina in sayo sababbi.

A Katsina ina da tsohon ɗalibina, Nafi'u, wanda na koya wa lissafi bai ji ba, yanzu ga shi da babban shagon kayan sauti da furfura a gemu. Ya jona ƙananan lasifikan nawa ya saurara, ya ce, "Malam, waɗannan ai lafiyarsu ƙalau." Na ce masa tun yana aji uku ba ya gane inda kuskure yake. Ya yi dariya ya ba ni sababbi. Kafin mu gama la'asar ta yi, kuma hanyarmu ba a shiganta da yamma, dole in kwana.

Ya ce, "Ai shi ke nan, ka raka ni aiki. Wasu masu kiɗan lantarki ne suka zo daga Kaduna za su yi wasa a wani ɗakin taro, kayana suka haya."

Na ce, "Da gemun nan?"

Ya ce, "Malam, ba rawa za ka yi ba. Kaya za ka duba mini, kamar sufeto."

Haka na tsinci kaina da babbar riga a cikin samari da 'yan mata, kowa ya ɗaga waya sama yana ɗaukar abin da ke gabansa maimakon ya kalla. An samo mini kujerar roba kusa da teburin miksa, a bayan jama'a. Mai tsaron miksar nasu wani siririn mutum ne mai tabarau, ya rusuna ya gaishe ni da Baba, ya koma kan aikinsa. Miksar kuwa ba irin tawa ba ce. Allo ne mai haske, kowane sauti da layinsa da fitilunsa masu tsalle.

Masu wasan su uku ne. Wata yarinya mai ɗankwali kore tana waƙa, Hausa da Turanci a cakuɗe. Wani yana tsaye tsakanin fiyano biyu da kwamfuta. Na ukun yana zaune gaban wasu faifan roba baƙaƙe yana dukansu da sanduna, ba fata ba ƙwarya, amma kowane faifai da muryar da aka ɗora masa. Aka saki hayaƙi, fitilu suka fara yawo a rufi. Da aka saki kauri sai na ji shi a haƙarƙarina da ƙafar kujera kafin ya iso kunnena. Zan faɗi gaskiya, aikin yana da tsabta. Babu kuka, babu karkarwa, muryar yarinyar tana zaune a kan kiɗa ba ta nutse ba. Ban fahimci rabin abin da take cewa ba, amma na ga alama su ma masu tsalle ba ma'ana ta kawo su ba. Na daɗe ban zauna a taro ina ɗan kallo ba, sai na rasa inda zan sa hannuwana.

Can cikin wata waƙa sai idona ya tsaya kan mai faifan roba. Hannunsa na dama yana kan wani ƙaramin faifai a sama, yana dukansa da sauri ba tsayawa, kamar mai tankaɗe. Kuma babu abin da ke fitowa. Na jira, na ce ko sai an kai wani wuri. Waƙa ta ƙare aka shiga wata, yaro na ta duka, gumi na zuba, faifai shiru. Mai sana'a ba ya iya ganin waya ta zare ya zauna. Na miƙe na dafa kafaɗar mai tabarau, na kai bakina kunnensa.

Na ce, "Ɗana, ƙaramin faifan can na sama ba ya fitowa. Duba wayarsa."

Ya dubi allo, ya dube ni. Ya nuna mini wani layi da yatsa. Fitilunsa suna tsalle daidai da hannun yaron, har suna taɓa ja.

Na ce, "Yana shiga miksa, amma ba ya fita. Duba gaba."

Bai yi mini gardama ba, yana da tarbiyya. Ya cire hedifon daga wuyansa ya sa mini a kai, ya danna wani wuri, ya ware mini faifan nan shi kaɗai. Duk sauran kiɗan ya ja baya. A kunnen hagu babu komai. A na dama akwai wani abu can nesa, kamar ƙuda a cikin randa. Ina kallon fitilu suna tsalle, ina kallon sanda tana sauka. Sai na juya na dubi jama'a, a karo na farko da idon aiki, na ga kafaɗunsu duka da wannan faifan suke tafiya. Ɗaki cike da mutane suna rawa da abin da ni kaɗai ba a gayyace ni ba.

Nafi'u ya matso ya tambayi abin da ke faruwa, mai tabarau ya gaya masa. Ya ce, "Malam, ai shi ne ma ya fi cika ɗakin. Yanzu nake shirin cewa a rage shi." Yana faɗa sai ya tuna ƙananan lasifikan da na ce sun gaji. A ranar lissafi ya zauna masa, shekaru da yawa bayan jarrabawa.

Na mayar da hedifon, na yi godiya, na koma kujerata na ƙarasa kallo. An tsaya an yi magariba, aka dawo aka yi 'yan waƙoƙi aka tashi. Na taya su naɗe waya, wannan dai ba ya bukatar kunne.

Da na dawo gida ban buɗe sababbin lasifikan ba. Na haɗa tsofaffin a tsakar gida, na saita su yadda na saba, na kira uwargida, tana tsince wake a faifai. Na ce ta saurara ta gaya mini gaskiya. Na yi sallama a makirufo. Ta ajiye faifan ta dafe kunne.

Ta ce, "Haka kake yi wa mutane?"

Na ce, "Haka."

Ta ce, "Shekara nawa ina ce maka ka rage rediyon nan, kana cewa ni ce mai son magana?"

Na ce ta bar tarihi ta yi aiki. Na riƙa rage siriri a hankali tana cewa rage, rage, ƙara ragewa, har na ji sallamata ta koma kamar ta mai mura a cikin bargo. A nan ta ce, "Tsaya. Yanzu ka zama mutum." Na karɓi jan farcen jikarmu na ɗiga a inda kowane maɓalli ya tsaya.

Ranar walima na isa Safana da sassafe a bayan a-kori-kura. An kafa rumfuna a filin makaranta, maza a gabas, mata a yamma, yara masu sauka a tsakiya cikin fararen kaya, kowanne riƙe da allonsa mai zayyana. Kujerar Malam tana inda take kowace shekara, dab da lasifikar dama, don ya ji kowane harafi. Na saita kaya a kan jan farce na zauna na harɗe hannu.

Ban taɓa yin aiki mai wahalar wannan ba. Yaro na farko ya fara karatu, na ji shi kamar daga cikin rijiya. Duk abin da Alhaji Mani ya koya mini yana ce mini kaya sun mutu, ƙara. Hannuna ya tafi kan maɓalli da kansa ba sau ɗaya ba, ina dawo da shi. Daga ƙarshe na zauna a kan tafin hannuwana kamar ɗan aji ɗaya da aka yi wa horo. Na daina saurare na koma kallo. Rumfar mata babu mai toshe kunne. Wani jariri yana barci a bayan uwarsa, ga lasifika a saman kansa. Wani tsoho yana bin karatun da leɓe. Da haka na san aiki yana tafiya, don ni a kunnena shi ne mafi munin sautin da na taɓa fitarwa.

Da aka shafa fatiha shugaban iyayen yara ya zo ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ya ce, "Malam Sada, sababbin kayan nan sun yi. Ka ga amfanin gyara." Na ce masa alhamdulillahi. Ɗan Malam ya wuce yana murmushi, ya ce maganar Dutsin-Ma ta mutu.

Ina cikin kwance waya aka ce Malam yana kirana. Na same shi a zaure, an cire masa rawani, yana zaune a kan buzu. Na durƙusa na gaishe shi. Bai ja gaisuwar ba.

Ya ce, "Sada, me ka yi wa kayanka?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, gyara aka yi."

Ya ce, "An ɓata dai. Bana ban ji yaran ba. Jikata Hafsatu ta karanta, ina ganin bakinta yana motsi, ban san ko ta ba sin haƙƙinsa ba ko ta mai da shi sadi. Mutane na ta cewa masha Allahu, ni ma na ce, don kada a ga na yi shiru."

Na dubi kunnensa na dama, wanda yake juyowa da shi in ana magana. Shekara da shekaru kujerarsa na jingine da lasifikata, kuma ni nake ajiye ta a wurin. Ashe duk garin Safana mu biyu ne muke jin daɗin aikina.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ni ma ban ji ta ba."

Sai na ba shi labarin Katsina, na ɗaga murya yadda zai ji. Na tsallake hayaƙi da 'yan mata, na tsaya a kan faifai da sanda. Ya saurara har ƙarshe yana jan carbi. 

Can ya ce, "Su sauran sun ji ta?"

Na ce, "Sun ji ta tas. Har rumfar mata ta baya."

Ya ce, "Ta yi daidai?"

Na ce, "Ɗanka yana gefenta da Alƙur'ani a buɗe, bai gyara mata ko sau ɗaya ba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To bar kayan yadda suke. Ba don mu ake karatun ba." Ya miƙo mini hannu na taimaka masa ya tashi, don an kira azahar, mun gane ne da muka ga mutane suna ɗaukar buta. A bakin zaure ya tsaya yana laluben takalmi da ƙafa.

Ya ce, "Baɗi in muna raye, ka sa kujerata kusa da taka. In za a zauna ana kallon baki, gara a zauna da wanda ya san dalili."